Bayan an ce ta warke: Halin da matan da suka tsira daga sankarar mahaifa ke shiga

Ranar da likita ya duba sakamakon hoto ya ce babu sauran alamar ƙari, ranar farin ciki ce a kowane gida. Akan buga waya gida a shaida wa iyaye, a dafa abinci a raba sadaka, wasu su tara malamai a yi addu'a, wasu su tafi coci su yi godiya. Abokan aikin da suka yi karo-karo lokacin jinya sukan zo barka da arziki. Bayan mako biyu ko uku sai ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkar gabansa da tunanin cewa magana ta ƙare.

Ga matar da aka yi jinya kuwa, a nan ne wata sabuwar ɗawainiya take farawa. Mu ƙaddara ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, mai shekara 41, tana zaune a Mararaba. Tun da asuba take fitowa don ta riga cunkoson Nyanya, amma yanzu ko kurɓin ruwa ba ta yi kafin ta shiga mota, domin mafitsararta ta daina riƙe fitsari kamar da. Kafin azahar ƙafarta ta hagu ta cika takalmi. Al'adarta ta ɗauke tun tana cikin magani. A tsakiyar taro sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Da dare kuma akwai abin da ke tsakaninta da maigida wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har likitan da ya yi mata aiki.

A ofis kowa cewa yake ta murmure, ta yi kyau. Ita ma sai ta amsa da godiya ga Allah, domin wanda aka ceto daga bakin kabari kunyar ƙorafi yake ji.

Duk abin da aka lissafa a nan sananne ne ga likitocin da ke kula da sankarar mata, kuma galibinsa yana da magani ko hanyar sassauci. Inda gizo ke saƙar shi ne, daga asibiti har ofis da gida, kulawarmu takan tsaya ne a kan kalmar "ta warke".

Rukunin da ba a ƙidayawa

Ciwon dajin da ke kama sassan haihuwa na mata iri-iri ne: akwai na bakin mahaifa, da na cikin mahaifa, da na ƙwan mace, da na farji, da na fatar da ke kewaye da shi. A Najeriya na bakin mahaifa ne ya fi yawa a cikinsu, kuma shi ke biye wa sankarar mama wajen yawan matan da yake kamawa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayar na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 12,000 ne suka kamu da shi a ƙasar nan, kimanin 8,000 kuma suka rasu.

Waɗannan alƙaluma biyu su ake maimaitawa a kusan kowane taro: adadin waɗanda suka kamu da adadin waɗanda suka rasu. Tsakaninsu akwai rukuni na uku da ba a cika ambata ba, wato matan da aka yi wa tiyata ko gashi, suka tashi, suka koma gidajensu da wuraren aikinsu.

Idan manufofin da aka sa a gaba suka yi nasara, yawan waɗannan mata ƙaruwa zai yi. A watan Nuwamban 2020 WHO ta ƙaddamar da shirin kawar da sankarar bakin mahaifa, da burin cewa nan da 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 cikin 100 na mata, sannan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da cutar su sami magani. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, cikin jerin alluran da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. A shekarar ce kuma Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, NICRAT, wadda dokarta ta fito tun 2017, ta kama aiki gadan-gadan.

Rigakafi zai kare yaran da ke tasowa. Gwaji da magani kuwa za su ƙara yawan manyan matan da za su rayu shekara 20 ko 30 bayan jinya. Yadda waɗannan shekaru za su kasance shi ne abin dubawa tun yanzu.

Abin da magani ke bari a jiki

Idan an gano sankarar bakin mahaifa da wuri, sau da yawa tiyata ake yi a cire mahaifa da kaluluwar da ke cikin ƙugu. Idan ta riga ta girma, kamar yadda aka fi gani a asibitocinmu, gashi ake yi da na'ura mai harba haske mai ƙarfi, kwana biyar a mako na tsawon kimanin mako biyar, tare da ƙarin ruwan maganin cisplatin sau ɗaya a mako. Daga nan sai a yi gashin ciki, wanda ake kai tushen hasken dab da ƙarin. Likitoci na so a kammala wannan duka cikin mako takwas. Sankarar ƙwan mace kuwa galibi babbar tiyata ce da zagaye-zagayen magani ta jijiya.

Hasken da ke kashe ƙari ba ya wucewa bai taɓa maƙwabta ba, kuma maƙwabtan mahaifa su ne mafitsara da hanji da dubura. Shi ya sa wasu matan kan yi fama da yawan fitsari, ko zafinsa, ko gudawa mai zuwa babu sallama, ko ganin jini a bayan gida, wani lokaci watanni ko shekaru bayan an gama magani. A wasu 'yan kaɗan har ƙofa kan ɓule tsakanin mafitsara ko dubura da farji. Arewa ta san ƙuncin yoyon fitsari ta dalilin doguwar naƙuda, sai dai wanda gashi ya haifar ya fi wuyar ɗinkewa, domin naman wurin ya riga ya yi rauni.

Na biyu shi ne ɗaukewar al'ada kafin lokacinta. Matar da aka cire wa ƙwai, ko gashi ya same su, takan shiga halin da ake shiga a wajen shekara 50 ko da kuwa shekararta 35, kuma farat ɗaya. Banda zafin jiki da rashin barci da saurin fushi, ƙashi yakan fara laushi a ɓoye, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru. Ga da yawa daga waɗanda suka yi sankarar bakin mahaifa, likita na iya rubuta maganin da zai maye gurbin sinadarin da jiki ya daina samarwa. Ga wasu nau'o'in sankarar cikin mahaifa da ta ƙwai kuwa sai an auna amfaninsa da haɗarinsa. Ko ta wane hali, hukunci ne na likitan da ya san tarihin ciwon, ba na mai shagon magani ba.

Na uku kumburin ƙafa ne. Kaluluwa ita ce magudanar da ke kwashe ruwan jiki daga ƙafafu. Idan an cire ta ko gashi ya lalata ta, ruwan sai ya taru. Kumburin kan fara da nauyin ƙafa da matsewar takalmi. Idan an tare shi da wuri da safa mai matsewa, da tausa ta musamman, da motsa jiki, da tsabtar fata, ana iya shawo kansa. Idan an bar shi, fata takan yi kauri, ƙaramin rauni ya zama babban ciwo.

Magungunan jijiya ma suna da nasu tabon. Cisplatin na iya taɓa ƙoda da ji. Shi da paclitaxel kan sa yatsun hannu da na ƙafa su sage, ko a riƙa jin kamar ana tsira allura. Ga sakatariyar da aikinta buga takardu ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kan duk waɗannan akwai gajiya, irin wadda barci ba ya warwarewa, wadda kuma ita ce ƙorafin da masu tsira daga ciwon daji suka fi yi.

Maganar da ake jin nauyin faɗa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gashin ƙugu yakan sa farji ya bushe, ya rage tsawo, ya tsuke saboda tabo. Saduwa ta zama azaba, wani lokaci har da jini. Ko gwajin da likita ke yi don tabbatar da ciwon bai dawo ba yakan gagara idan wurin ya toshe.

Akwai abin yi, kuma ba mai tsada ba ne idan an kwatanta da kuɗin gashin kansa. Akwai wani ɗan bututu mai santsi da ake koya wa mace amfani da shi a gida bayan wurin ya warke, domin hana tsukewa. Akwai man shafawa mai ruwa-ruwa da ake samu a kantin magani, akwai kuma na sinadari da likita kan rubuta ga wadda ya dace da ita. Abin da ke hana mata cin moriyar waɗannan sau da yawa shiru ne. Mace tana jin nauyin tambaya, musamman idan likitan namiji ne kuma ɗakin cike yake da ɗalibai. Likita kuma yana da dogon layi a ƙofa. Daga nan sai ta koma wajen masu kayan mata, a ba ta matsi ta cusa a naman da ya riga ya yi laushi, ciwo ya ƙaru a kan ciwo.

Mazaje ma suna da nasu tsoron da ba su faɗa. Ya kamata a ji wannan a fili: ciwon daji ba ya yaɗuwa ta saduwa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, kuma hasken gashi ba ya zama a jikin mace bayan ta fito daga ɗakin magani. Ba ta da wani haɗari ga mijinta ko 'ya'yanta.

Akwai kuma zargi. Da zarar an ji cewa HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta, sai wasu su fara yi wa matar kallon tuhuma. Gaskiyar ita ce mafi yawan mutanen da suka taɓa kusantar wani, maza da mata, sukan haɗu da wannan ƙwaya a wani lokaci na rayuwarsu, jikin akasarinsu ya kawar da ita ba su ma sani ba. Macen da namiji ɗaya ta sani a duniya tana iya ɗauka. WHO ta ce kafin canjin da ƙwayar ke yi a bakin mahaifa ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka ga mai raunin garkuwar jiki. Saboda haka samun wannan ciwo ba hujja ba ce a kan mutuncin kowa.

Sai batun haihuwa. A al'ummar da ake auna darajar mace da yawan 'ya'yanta, cire mahaifa yakan zo da abin da ya wuce tabon tiyata: guna-gunin dangin miji, zancen kishiya, a wasu gidajen har da saki. Ƙara aure ko rashinsa hurumin kowane gida ne. Amma barin matar da ta fito daga wannan jinya babu ci, babu kuɗin asibiti, babu kyakkyawar magana, ba addini ko al'adar da ta yarda da shi. Ga ƙananan mata da aka gano ciwonsu da wuri, akwai tiyatar da ake cire bakin mahaifa kaɗai a bar mahaifar, akwai kuma wadda ake ɗage ƙwai daga hanyar gashi. Waɗannan sai an tattauna su kafin a fara magani, ba bayansa ba.

Zuciya da ibada

Kusan duk wadda ta taɓa wannan ciwo tana rayuwa da fargabar dawowarsa. Ɗan ciwon baya ya isa ya hana ta barci. Makon da za ta koma ganin likita yakan fi kowane mako tsawo. Fargaba daidai misali ba laifi ba ce, amma idan ta kai mace ta daina cin abinci, ta daina shiga mutane, tana kuka ba dalili, ko tana jin mutuwa ta fi mata, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar kowane ciwo. Yi mata nasiha da haƙuri da tawakkali abu ne mai kyau, sai dai ba ya hana a kai ta wajen likita.

Malamai da fastoci suna da rawar da babu likitan da zai iya taka ta. Musulmar da fitsari ke zubo wa ba da son ranta ba takan shiga ruɗani game da tsarki, har wata ta daina zuwa makarantar Islamiyya ko ta riƙa jinkirta salla. Alhali fiƙihu ya daɗe da yin sauƙi ga mai irin wannan larura, kamar yadda ya yi sauƙi ga mara lafiya game da azumi. Bayani ɗaya daga malama a majalisin mata zai iya sauke wa mutum nauyin da ya daɗe yana ɗauka shi kaɗai.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Babu mai kwantar wa sabuwar majinyaciya hankali kamar wadda ta bi hanyar ta fito. A Abuja, ƙungiyoyi irin su Project PINK BLUE da Gidauniyar Medicaid sun yi shekaru suna wayar da kai da tallafa wa masu ciwon daji. Abin da ya rage shi ne kowace cibiyar gashi ta sami zaman mata zalla, a cikin sirri, da harshen da suke ji, inda za a iya yin irin maganganun da aka ambata a sama ba tare da sunkuyar da kai ba.

Kuɗi bayan kuɗi

Kafin a kai ranar sallama, gidaje da dama sun riga sun sayar da fili ko mota, sun ci bashin ƙungiyar adashen ofis, sun gaji da roƙon 'yan uwa. Ga shi kuma bibiya ba ta ƙare ba. A bisa ƙa'idar da aka saba bi, mace za ta riƙa ganin likita duk bayan wata uku zuwa shida a shekara biyu na farko, sannan duk bayan wata shida zuwa shekara har ta cika shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. An matsa ziyarar a farko ne domin idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekaru biyu zuwa uku na farko.

Cibiyoyin gashi a ƙasar nan ba su da yawa. Matar da ta zo Abuja ko Zariya ko Legas daga wata jiha, kowace ziyara tana nufin kuɗin mota da masauki da ɗan rakiya. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wasu su ɓace bayan ziyara ta biyu ko ta uku, sai ciwo ya yi nisa a sake ganin su.

Gwamnati ta yi wasu yunƙuri. Asusun tallafa wa masu ciwon daji ya fara aiki a 2021 da asibitoci shida, ciki har da Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, domin marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet ta maza. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa. Ma'aikacin tarayya yana cikin tsarin tare da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saboda haka maganar ta shafi maza ma'aikata kamar yadda ta shafi mata.

Duk da haka, hankalin irin waɗannan tsare-tsare ya fi karkata ga tiyata da gashi da manyan magunguna, domin su ne ke cin miliyoyi. Ƙananan buƙatun da ke biyo baya, irin su safar kumburi, da ƙunzugun manya, da man shafawa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam, da kuɗin mota, galibi daga aljihu suke fita. Kuma su ne ke yanke hukuncin ko mace za ta iya komawa bakin aiki ko za ta zauna a ɗaki.

Haka batun raɗaɗi. Tun 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da cewa kulawar rage raɗaɗi ɓangare ce ta kiwon lafiya, Najeriya kuma ta fitar da nata tsarin na ƙasa a 2021. Har yanzu mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda aka tura wannan sashe an fid da rai da shi ne. Ba haka ba ne. Wadda ta warke amma ciwon ƙugu ko na jijiya ya hana ta sakat, ita ma hakkinta ne a duba ta a can.

A bakin aiki

A nan ne masu karanta wannan shafi suke da iko kai tsaye. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutun rashin lafiya da kwamitin likitoci mai tantance wanda jinyarsa ta yi tsawo. An gina wannan tanadi a kan zaton cewa ma'aikaci ko dai yana kwance, ko kuma ya miƙe sarai. Wadda ta tsira daga sankara tana tsakiya: za ta iya aiki, tana kuma son yi, amma jikinta yana da sharuɗɗa.

Mafi yawan abin da take buƙata ba ya cin ko kwabo. A bar ta ta fara da rabin yini na 'yan makonni kafin ta koma cikakke. A ba ta tebur kusa da bayan gida mai ruwa, a bene na ƙasa idan zai yiwu. Kada a cire ranakun ganin likita daga hutunta na shekara. Kada a yi mata sauyin wurin aiki zuwa jihar da ta yi nisa da cibiyar da ke bibiyarta, aƙalla a shekarun farko. Kada kuma a tsallake ta wajen kwas ko jarrabawar ƙarin girma da sunan tausayi, ba tare da an tambaye ta ba.

Sirri ma haƙƙi ne. Takardar likita da ke yawo daga tebur zuwa tebur a cikin fayil buɗaɗɗe takan sa kafin la'asar duk sashen ya san an cire wa wance mahaifa. Tsoron wannan ne ke sa wasu su ɓoye halin da suke ciki, su riƙa neman izini da sunan zazzaɓi.

Dokokin aiki suna sauyawa idan an ga buƙata. A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza da matansu suka haihu, abin da a da ba a san shi ba. Takardar umarni ɗaya daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya a kan yadda za a karɓi mai dawowa daga doguwar jinya za ta raba dubban mutane da dogaro da halin kirkin darakta, wanda yau yana nan gobe an canza shi.

Su kuma hadimai da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa jawabai da takardun kasafi, akwai tambayar da ya kamata su riƙa yi duk lokacin da aka kawo batun sayen sabuwar na'urar gashi: ina kuɗin ma'aikaciyar jinyar da za ta zauna da matar bayan an gama, da ƙwararren motsa gaɓoɓi da zai kula da ƙafarta, da jami'in walwala da zai kira ta idan ba ta zo ba? Na'ura ana yanke mata kintinkiri a ɗauki hoto. Waɗannan ba a yi musu biki, amma su ke sa kuɗin na'urar ya yi amfani.

Takarda ɗaya

Tunanin cewa tsira daga ciwon daji mataki ne mai buƙatar kulawarsa ta daban ya samo tushe ne a Amurka. A 1985 wani likita, Fitzhugh Mullan, wanda shi kansa ya yi fama da ciwon, ya yi rubutu yana karkasa rayuwar mai tsira zuwa zango-zango. A 2005 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta ba da shawarar cewa duk wanda ya kammala magani a ba shi rubutaccen bayani na abin da aka yi masa da abin da ya rage.

Wannan shawara ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka kawo ta, domin a nan fayil yakan ɓace, likita yakan yi ƙaura zuwa waje, majinyaci kuma yakan koma garinsu mai nisa. Takardar ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba: sunan ciwon da matakinsa, irin tiyatar da aka yi, yawan gashi da magungunan da aka bayar, matsalolin da ka iya biyo baya, ranakun dawowa, da lambar da za a kira. Da ita a jaka, likitan kowane babban asibiti a Lafiya ko Minna ko Lokoja zai san inda zai dosa. Duk wadda ta kammala magani tana da damar neman wannan bayani, ko mijinta ko 'yarta su nema mata da izininta.

Ya kamata takardar ta ƙunshi alamomin da ba a jira ranar layi a kansu: zubar jini ko ruwa mai wari daga gaba, ciwon ƙugu ko baya da ya ƙi tafiya, kumburin ƙafa ɗaya farat ɗaya ko ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, raguwar fitsari, kumburin ciki, rama ba dalili, da tari mai daɗewa.

Akwai kuma abin da ke hannun matar da iyalinta. Tafiya a ƙasa ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, tana rage gajiya, tana ƙarfafa ƙashi da zuciya. Wannan ya fi muhimmanci ga waɗanda suka yi sankarar cikin mahaifa, wadda ke da alaƙa da ƙiba da ciwon suga. A guji taba da shisha. A guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin ƙodar da ta sha cisplatin ba ta da sauran ƙarfin gwaji. Mai ɗauke da HIV ta riƙe maganinta da kyau. A kai 'yan matan gidan rigakafin HPV, manyan kuma su je gwaji. Idan sankarar ƙwai ko ta mama ta taɓa fiye da mutum ɗaya a dangi, a shaida wa likita, domin akwai nau'in da ake gado.

Ma'aikaciyar nan ta Mararaba za ta shigo ofis ranar Litinin kamar kowa, da gyalenta da jakarta, ta sa hannu a rajista. Ba za ta ce komai ba, domin ta saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an ba shi dama yake nunawa. Wanda ke shugabantar sashenta, ko ƙawar da ke teburin kusa, ko mijin da ya sauke ta a bakin ƙofa, ɗayansu zai iya jan ta gefe, inda babu mai ji, ya tambaye ta abin da har yanzu yake ba ta wahala, sannan ya tsaya ya saurari amsar.